Kofin Manya

Barcin nan ya ɗauke ni ne bayan sallar azahar, ranar Laraba, a kan bencin da masu shan shayina suke zama. Mai shayi ba shi da lokacin runtsawa sai irin wannan, in ciniki ya mutu, kafin a sake hura gawayi da la'asar. Ni kuwa ko wannan ɗin ya daɗe da guje mini. Wata bakwai ke nan in na kishingiɗa sai in yi ta juyi, ƙarshenta in tashi in sake wanke kofunan da na riga na wanke. Ranar dai ban san yadda aka yi ba, ina ɗora kai a kan tsumman goge tebur sai na tafi.

Bari in faɗi abin da ya hana ni barcin, don a gane abin da na gani.

Sunana Haladu. Teburina yana bakin ƙofar ofishin 'yan sandan garinmu, a gindin darbejiya. Kofunana duk na roba ne, in ban da guda ɗaya na gilashi, wanda nake ce wa kofin manya. Sufeto Lurwanu, mai binciken manyan laifuka, shi ya koya mini yadda ake kai shi. In ya leƙo ta taga ya ce, "Haladu, muna da baƙo," to sai in goge kofin har ya yi ƙyalli, in zuba shayin da bai cika zafi ba, yadda mutum zai iya kama kofin da tafinsa, in ɗora a faranti, kada yatsana ya taɓa jikinsa. In baƙo ya shanye a bar kofin a can, daga baya za a aiko mini da shi a wanke. Ni na ɗauka karamci ne. Har yabonsu nake yi a unguwa, ina cewa namu 'yan sandan ko wanda suka kama sai sun ba shi shayi.

Baƙo na tara da na kai wa shi ne Malam Ilu, mai ɗinkin buhu a bakin siton takin zamani na kasuwa. An fasa siton, an kashe maigadinsa, Baba Jatau, da rodi, aka kwaso duk masu sana'a a wajen don a yi musu tambayoyi. Malam Ilu a shekaru ya isa ya haife ni, amma da na miƙa masa farantin sai ya zamo daga kan benci ya durƙusa, ya karɓi kofin da hannu biyu, yana cewa, "Har da ni? Allah ya ƙara girma." Yatsunsa goma suka kwanta a jikin gilashin.

Can an jima na zagaya bayan ofishin in ɗebo ruwa a famfo. Taga a buɗe take. Na ga Sufeto yana shafa wa kofina wata baƙar hoda da ɗan buroshi, har zanen yatsun ya fito ɓaro-ɓaro. Kofur Ɗanbala, na hannun damansa, ya manna salatif a kai, ya ɗago, ya liƙa a jikin farin kati. Sufeto ya ce, "Rubuta, an ɗauko daga jikin rodin da aka samu kusa da gawa." Kofur ya ɗago kai, muka haɗa ido. Da yamma ya zo teburina ya sha shayi, ya tambaye ni jikin mahaifiyata, ya faɗi layin gidanmu, ya ce ƙofarmu shuɗiya ce, ko? Bai ƙara komai ba.

Bayan wannan rana sau biyu aka sake cewa muna da baƙo. Sau biyun na goge kofin na kai.

Shi kuwa Malam Ilu, gobe Alhamis ne zamansa na ƙarshe a kotu, kuma babu wata shaida a kansa sai katin nan. Wanda aka tabbatar wa kisan kai, kowa ya san igiya ce.

To, ina cikin barcin sai na ji an ƙwanƙwasa ƙafar bencin da sanda.

"Tashi, mai ruwan zafi."

Mutum ɗaya ne yake kirana haka. Na ɗaga kai, sai ga Baba Jatau tsaye, da tsohuwar kwat ɗinsa ta gadi, da tocila rataye a wuya. Gefen kansa na hagu a lotse yake, kamar kwanon da mota ta taka.

Na ce, "Baba, ai ka rasu."

Ya ce, "Ni za ka ba labari? Ina wurin aka yi. Na gan ka a maƙabarta, ka fi 'ya'yana jan majina. Sa takalminka."

"Ko in ɗan haɗa maka..."

"Allah ya tsare ni da shayinka. Ina da rai ma ruwa ne da sukari, balle yanzu da na san abin da yake jawo wa mutum. Wuce gaba."

Shekara huɗu yana zama a bencina yana tsokanata, ban taɓa jin muryarsa da ɗaci haka ba. Na sa takalmi na wuce gaba.

Muka bi wata hanya da ban san da ita ba a garin. Babu itace, babu inuwa, rana ta tsaya cak a tsakiyar kai. Ba mu daɗe ba sai ga birni. Ganuwarsa ta gilashi ce, tun daga ƙasa har inda ido zai gaji, amma ba a hango ciki, don duk jikinta shatin yatsu ne, wani kan wani, manya da ƙanana, kamar jama'ar duniya duka sun dafa ta ba a taɓa gogewa ba. A ƙofa mutane ne layi-layi, kowa ya miƙa hannuwansa gaba a buɗe. Ba wanda ake tambayar sunansa. Mutum zai dafa ƙofar, ita kuma ta kira unguwar da za shi.

Na ce, "Baba, wane gari ne wannan?"

Ya ce, "Garin da ba a tambayar baki. Baki ya gama nasa a can. Nan hannu ake tambaya, shi kuwa bai iya ƙarya ba. Duk abin da ka taɓa kamawa ya riga ka zuwa."

Na cusa hannuwana a aljihu. Ya gani, ya ja tsaki, ya shigar da ni ta wata 'yar ƙofa a gefe.

Unguwar farko kamar kasuwa take, sai dai babu mai saye. Ga masu awo da suke cusa babban yatsa a cikin mudu, yatsan ya kumbura ya cika mudun, suna ta fizga ya ƙi fita. Ga mahauta masu danna sikeli da ɗan yatsa, an ɗora musu dutsen awo a kan yatsan, duk numfashin da suka ja sai a ƙara wani. Ga wasu samari a wani dogon ɗaki suna dangwala takardun ƙuri'a, amma takardun fallayen ƙarfe ne da aka zaro daga wuta. Kowane dangwale sai ka ji caaa, hayaƙi ya tashi, fata ta sake tsirowa, a miƙo wani fallen. Can a ƙarshen layi wani mai babbar riga yana tafe yana kuka, wani busasshen hannu ya damƙe masa wuyan hannu, hannun kawai, babu jiki.

Na ce, "Wannan fa?"

"Ubansa na gargarar mutuwa ya kama yatsansa ya dangwala a takardar gona, ya kori ƙannensa mata. Tsohon bai sake shi ba har yau." Ya tura ni da sanda. "Daina buɗe baki. Waɗannan da nasu yatsun suka yi ɓarna. Zo ka ga waɗanda suka yi da na wasu."

Muka shiga wani layi da baƙar hoda take zubowa daga sama ba ƙaƙƙautawa, har ta kai idon sawu. Warin wajen na san shi, warin bayan kanta ne, zufa da fitsari da tsoro. Mutumin farko da na gani Kofur Ɗanbala ne.

Na ja da baya. "Baba, ai Kofur yana da rai. Da safen nan ya ci ƙwai uku a teburina."

"Nan babu jiya babu gobe. Kowa wurinsa yana nan a share. In ya tuba ya gyara, a rufe. In bai tuba ba, ya zo ya iske kansa."

An tsayar da Kofur babu riga. Wasu hannuwa da ban ga masu su ba suna manna masa salatif mai faɗin tabarma a gadon baya, su murje, su fizge, sai ya taho da fata. A liƙa fatar a farin kati, wani marubuci mara fuska ya rubuta a ƙasa cewa an ɗauko ta daga wurin da aka kashe wane. Kofur ya yi ihu, "Ƙarya ne, wallahi daga jikina kuka ɗauka!" Marubucin bai ko ɗago ba, ya ce, "Abin da aka rubuta shi ne." Aka ɗauko wani salatif ɗin.

A tsakiyar filin kuwa Sufeto Lurwanu ne. Da ƙyar na gane shi. Yatsu sun tsiro masa tun daga wuyan hannu har kafaɗa, har wuya, kuma ba nasa ba ne. Ga na manomi masu kaushi, ga na tela masu sawun allura, ga na bakanike da baƙin mai a farce, ga wasu sirara da jan lalle. Na gane na Malam Ilu, don akwai kantar basilla a jikinsu. Dukansu sun lanƙwaso suna nuna fuskarsa, duk inda ya juya sai su juya. Nasa goman kuwa sumul suke kamar ɓawon ƙwai, babu zane ko ɗaya. A bayansa adduna ne, da wuƙaƙe, da kwaɗuna fasassu, da gorori, da guntayen rodi, suna binsa a ƙasa kamar kaji sun ga mai tsaba. In ɗaya ya cim masa sai ya yi tsalle ya manne a tafinsa, shi kuma ya faɗi yana shure-shure.

Na ce, "Me ya sa suke binsa?"

"Kowane ɗaya da mai shi. Shi ya raba su da masu su, ya liƙa wa bayin Allah. Yanzu marayu ne, wa kake so su bi? In ɗaya ya kama shi, sai ya ji abin da wanda aka sara da shi ya ji."

Sufeto ya hango ni. "Haladu! Haladu, gaya musu aiki nake yi. An ce in kawo mai laifi kafin Juma'a, ko a jefa ni ƙauye. Mota babu mai. Mutum ɗaya, fayil arba'in. Kuma shi mai ɗinkin nan ai kullum yana bakin siton, wa ya sani ko..."

Baba Jatau ya tofar da yawu. "Rufe mana baki, maƙaryacin banza. Ka zo wurin da aka kashe ni ko tsugunnawa ba ka yi ba, kada wandonka ya ɓaci. Rodin ma da hannunka ka ɗauka, ka miƙa wa wani ɗan dako ya riƙe maka kana amsa waya. Sawun takalmin mutumin yana nan a cikin takin da ya zube, ka taka ka wuce. Mai kake nema? Tsugunno ma sai da mai?"

Kafin ya rufe baki wani rodi mai tsatsa ya taso ya manne a hannun Sufeto. Na ga gefen kansa na hagu ya lotsa, ya zube a cikin hodar. Baba Jatau ya tsaya yana kallonsa har sai da ya daina motsi ya sake miƙewa.

Ya ce, "Haka na ji. Mu je."

Kusa da nan wani mai farar riga yake zaune, an kafe kansa yana duban rana. A gurbin idanunsa madubin ƙara girma ne, hasken yana ratsawa yana ƙona shi ta ciki, hayaƙi na fita ta kunnuwansa. Na san shi, shi ne gwanin duba zanen yatsa da yake zuwa daga babban birni ya yi rantsuwa a kotu.

Na ce, "Baba, wannan ai bai yi ƙarya ba. Yatsun na Malam Ilu ne."

"Shi ma haka yake ta faɗa. Ya duba katin, ya ga zanen ya fito tas, irin wanda ba ya fitowa sai a jikin abu mai santsi. Ya san rodi mai tsatsa da gargada ba ya riƙe zane haka. Ya gani da idon da aka biya kuɗin karatunsa. Ya ce shi ba wannan aka tambaye shi ba. Aka ce na Ilu ne? Ya ce na Ilu ne. Ya ninke takardarsa ya kama motar yamma."

Daga nan muka hau wani bene. A ɗakin sama manya ne a kan kujeru masu juyawa, ga fanka a kan kowa, amma iskar da take zubowa ta bakin maƙera ce. Shugaban ofishin 'yan sandanmu yana ciki, wanda ake ce wa Oga. Kunnuwansa sun yi faɗin faifai, an kafe su da ƙusa a jikin bango don kada ya toshe.

Baba Jatau ya ce, "Wannan cewa yake, ba na son sanin yadda za ku yi, ku dai rufe mini fayil. In an rufe ya kira 'yan jarida ya jera mutane a ƙasa. To yanzu yana sani. Duk kukan da aka yi a bayan kantarsa, da na matan da suka kwana a ƙofar gidan yari, da na yaran da aka cire daga makaranta, ɗaya bayan ɗaya ake zuba masa. In ya kai ƙarshe a koma farko."

A gefensa wani alƙali ne, alƙalami ya manne masa a hannu, nauyinsa ya kai turmi, ana ta turo masa takardu. Baba Jatau ya ce wannan shekara ashirin yana yanke hukunci da kati, bai taɓa cewa a kawo masa makamin ya gani ba, don kada a wuce lokacin abincinsa.

Da muka sauko sai na ga wata mata a zaune ita kaɗai a bakin wani rami. Babu kowa a ramin, wuta ce kawai take ci a hankali. Ba azaba ake yi mata ba, jira take. Ta ɗago ta dube ni, wani irin kallo, ta kau da kai.

Na ce, "Wace ce?"

"Matar mai kantin bakin tasha. Wanda ya kashe ni shi ya kashe ta, wata uku bayana. Raminsa ke nan take gadi. Da ana nemansa da bai sami sukunin shiga gidanta ba. Amma wa zai neme shi, an ce an kama?" Ya matso har na ji warin ƙasa a jikinsa. "Baƙo na goma da ka kai wa shayi, a kan kisanta aka kamo shi. Almajirin kafinta ne. Ranar ka riga ka san aikin kofin."

Na ce, "Baba, wane ne ya kashe ku? Ka faɗa mini, wallahi in na koma zan faɗa."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ku ji shi. Abin da ka gani da idonka biyu ka kasa faɗa, sai na mafarki? Wa zai karɓi shaidar matacce daga bakin mai shayi? Ba za a tambaye ka wanda ya kashe ni ba. Abin da ka gani ta taga za a tambaye ka."

Ya ja ni har ƙarshen birnin, jikin ganuwa. A nan akwai wata doguwar rumfa, babu wuta, babu bulala, babu ihu. Mutane ne a zaune a jere, sun naɗe wando, kowa da damin rama a gefensa, suna tufkar igiya a kan cinya. Da na matsa sai na ga fatar cinyoyin ta cinye har ƙashi, amma hannuwan ba sa tsayawa. Kowace igiya ta miƙe ta fita ta wani ɗan rami a jikin ganuwar. Na san da yawansu. Ga mai sharar ofishinmu. Ga direban motar sintiri. Ga matar da take buga takardu, wadda take ba ni kayan sallah. Ga wani kurtu da ba ya rasa sahun gaba a masallaci.

Na ce, "Baba, an yi kuskure. Waɗannan mutanen kirki ne."

"Su ne mutanen kirkin. Ba su taɓa marin kowa ba. Sun gani, sun ce ba ruwansu, suna da iyali. Sufeto shi kaɗai ba ya iya rataye mutum, Haladu. Sai an tufka masa."

Tsakanin mai shara da direba akwai gurbin mutum ɗaya. Baba Jatau ya sa sanda a bayan gwiwata, na zube a wurin. Ban ɗauki ramar ba, hannuwana ne suka ɗauka. Suka kama murzawa a kan cinyata kamar sun shekara suna yi. Igiyar da ta fita daga hannuna doguwa ce, mai kauri, kuma na gane kowane zare a cikinta, kowace safiya da na hura wuta na yi shiru. Na bi ta da ido ta cikin ramin. Can nesa na hango Malam Ilu a zaune a tsakar gidan yari, ya rame, yana yi wa wani fursuna facin riga. Bakin igiyar yana kwance a kafaɗarsa, ya zagaye wuyansa, shi bai ma sani ba.

Baba Jatau ya ce, "Saura kamu ɗaya ta isa."

Na ce, "Baba, ka tsayar da su. Ni shayi kawai nake sayarwa."

"Tsayar da su da kanka, naka ne."

"Ina da uwa. Kofur ya san ƙofarmu."

"Shi Ilu daga kogon itace ya faɗo?"

"Ni ban iya tsayawa gaban alƙali ba. Turanci suke yi."

"Akwai tafinta."

"Za su ce ni ne maƙaryaci. Za su rufe ni. Baba, za su iya kashe ni."

"Mai yiwuwa ne. Ni ma an kashe ni, ban ce maka babu ciwo ba."

Ina kuka, hannuwana suna ta murza. Na ce ya yi mini alkawari in na faɗa za a sake shi. Ya ce ba shi da alkawarin da zai yi mini.

"Ni maigadi ne. Aikina in ga abu in yi ihu. Na gani na yi, shi ya sa aka fasa mini kai. Kai ka gani, ka koma ka goge kofi."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya gyara tocilarsa a wuya. "Ba ni ka bai wa shayin ba."

Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba. Igiyar ta miƙe ta yi tsauri a hannuna. Can na ga Malam Ilu ya ajiye allura, ya kai hannu wuyansa yana lalube, yana waige-waige kamar mai neman wanda zai tambaya. Na buɗe baki in kira shi, sai na ji bakina cike da rama. Na waiga, duk na jeren haka bakunansu suke. Na sa iyakar ƙarfina na yunƙura.

Sai ga ni a ƙasa, a gindin bencina, ana kiran la'asar. Rigata ta jiƙe sharkaf. Tsumman goge tebur yana hannuna, na murɗe shi tamau, cinyata tana zafi. Na daɗe a zaune ina salati, ga rana tana dukana amma sanyi nake ji.

Daga bakin ƙofar ofis Kofur Ɗanbala ya ɗaga murya. "Kai mai shayi, yajin aiki kake yau? Faɗowa daga benci kamar ɗan maye. Hura wuta, malam."

Na dube shi. Rigarsa a goge, bayansa lafiya lau. Na ce, "Bari in yi sallah, Kofur."

Na yi sallar a masallacin kasuwa, ba a na 'yan sandan ba. A sujada ban roƙi komai ba sai kada ƙafata ta mayar da ni teburin nan. Ban zama jarumi ba, kada wani ya ɗauka haka. Tsoron Kofur yana nan inda yake, sai dai na ga abin da ya fi shi. Duk mai shara ko mai tuƙi ko mai ɗebo ruwa a irin waɗannan wurare, da ya ga abu ya ce shi ƙarami ne, ina gaya masa na ga wurin zamanmu, kuma a jere muke da juna.

Daga masallaci na biya gida na ce wa mahaifiyata ta haɗa kayanta, ƙanena zai raka ta garin kawuna a motar yamma, zan yi mata bayani. Sannan na koma kasuwa na tambayi gidan Malam Ilu. Wani mai baro ya kwatanta mini, can bayan majema.

Na iske matarsa, Inna Azumi, a zaure, ta baje buhuna tana ɗinki da basillarsa. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce, "Inna, ni ne Haladu, mai shayin ƙofar ofishin 'yan sanda."

Sai fuskarta ta washe. Ta ajiye basillar. "Kai ne yaron? Ikon Allah. Sannu, ɗan albarka, shigo daga ciki mana. Malam duk zuwan da zan yi sai ya ambace ka. Ya ce ranar da aka kama shi babu wanda ya dube shi da idon rahama sai kai, har a kofin gilashi ka kawo masa, kamar wani hakimi. Ya ce in Allah ya fitar da shi, kai zai fara zuwa wa godiya. Bari in ɗebo maka ruwa."

Ta miƙe ta buɗe randa. Na ce, "Inna, kada ki ɗebo."

"A'a, ka sha rana."

"Inna, don Allah ki bari. Lauyan da yake tsaya wa Malam, kin san inda yake kwana?"

"Na sani. Lafiya?"

"Yau za ki kai ni wurinsa. Gobe kuma tare za mu shiga kotu. Amma ke ya kamata ki fara ji, in kin ga dama bayan nan ki tsine mini."

Ta tsaya da moɗa a hannu, ruwa yana ɗiga a kan buhunan. Na sunkuyar da kai, na fara ba ta labari.